Times, Charis ko Andika: wane samfurin haruffa ya dace da bugun Hausa?

Duk wanda ya kai rubutun Hausa shagon kwamfuta a Samaru, ko maɗaba'a a Sabon Gari, tambayar da za a yi masa ba ta wuce ɗaya: "Malam, Times za a sa ko Arial?" Shi kuma yakan ce a sa wanda ya fi kyau, a wuce wurin. Sai aiki ya fito a ga katin ɗaurin aure yana yi wa "manyan baki" maraba, ko a ga ƙ ɗin da ke tsakiyar kalma ya fi 'yan'uwansa siranta, ya tsaya cikinsu kamar baƙon da aka cusa a sahu. Yawancin samfuran haruffan da ke cikin kwamfuta don harsunan Turai aka zana su. Hausa kuwa tana da ɓ da ɗ da ƙ da hamza, kuma a kansu ma'ana take rataye: fada da faɗa, bata da ɓata, kafa da ƙafa, kara da ƙara.

Zariya ta fi kowane gari sanin wannan. A nan aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, a nan kuma aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur a 1945. A zamanin haruffan dalma, kowane harafi mai ƙugiya sai an zuba masa nasa ƙarfen, babba da ƙarami, a kowane girma. Yau duk wannan kyauta ne a intanet, amma sai an san abin da za a duba.

Gaɓoɓin harafi

Almajirin allo bai taɓa rasa sunan siffar harafi ba. Yana da ambaki, da lam jaye, da ha kuri, ɗigo kuma sunansa ruwa. Boko ne bai samu wannan gatan ba, don haka za mu kira gaɓoɓinsa da sunayen jiki, yadda za a gane.

Layin da a da n da k suke dasa ƙafa a kansa shi ne layin zama. Daga nan zuwa saman a, n, o, u da w shi ne tsayin jiki. Abin da ya haura sama da haka a b, d, k, l da h wuya ne, wanda ya zubo ƙasa a g, j da y jela ce. Miƙaƙƙen zanen da harafi ya jingina da shi sanda ce, zagayayyen ɓangaren b da d tumbi ne, farin da ke cikin tumbin kogo ne, buɗewar da ke gefen c da e da s kuwa ƙofa ce. Sai 'yan ƙananan zane da ke gindin sanda da samanta a haruffa irin na Times, waɗanda za mu kira takalmi. A kan wannan ne samfura suka kasu gida biyu, masu takalmi da marasa takalmi. Na ƙarshe shi ne bambancin kauri da siranta: a Times gefen o yana da kauri, samansa siriri ne kamar zare, a Arial kuwa kusan kauri ɗaya ne ko'ina.

Lambar girma tana ruɗin mutane da yawa. Lamba 12 ba tsayin harafi ba ce, tsayin gurbin da aka zana harafin a ciki ne. Lamba ɗaya kashi ɗaya ce cikin 72 na inci, wato kimanin milimita 0.35, don haka lamba 12 ta kama milimita 4.2. A Times New Roman tsayin jiki yana cin kusan kashi 45 cikin ɗari na wannan gurbi, a Arial kusan 52, a Noto Sans kusan 54. Shi ya sa Arial lamba 11 ya fi Times lamba 12 cika ido.

Ga inda abin ya shafi Hausa. Gurbin ba ya ƙaruwa, don haka duk abin da jiki ya ci, daga wuya aka rage shi, ƙugiya kuma a wuya take zama. A Times lamba 12 wuyan bai fi milimita ɗaya ba, a Arial ma bai kai ba. Bambancin kafa da ƙafa gaba ɗaya a cikin wannan milimita ɗayan yake. In aka sauko lamba 9, aka buga a takarda mai shan tawada, kogon da ke ƙarƙashin ƙugiyar ɓ yakan cike, harafin ya koma kamar 6 ko b mai kumburin kai. Saboda haka shawarar da aka saba ji, cewa mai babban jiki ya fi sauƙin karatu, sai an yi mata gyara in Hausa za a buga: babban jiki, amma da wuyan da zai ɗauki ƙugiya.

Ƙugiyoyin kansu ba hali ɗaya gare su ba. Ta ɓ da ta ƙ suna lanƙwasowa dama, kan jikin harafinsu, ba su takura wa kowa. Ta ɗ kuwa, da yake sandarsa a dama take, tana leƙawa gidan maƙwabci. In maƙwabcin i ne, kamar a kuɗi, faɗi da ɗinki, ƙugiyar takan yi karo da ɗigon i su haɗe. Samfurin da aka zana da lura yakan bar ɗan fili a nan, wanda aka liƙa wa ƙugiya daga baya kuwa a nan asirinsa yake tonuwa. A manyan baƙaƙe abin ya juya: Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu ta hagu take, ta Ƙ kuma a kan hannunsa na sama. Ƙ ɗin nan shi ya fi wuyar ganewa daga nesa. Rubuta ƘOFAR KIBO ko ƘOFAR KUYAMBANA da manyan baƙaƙe, ka ja baya taku biyar. In ba ka bambanta harafin farko na kalmomin biyu ba, wannan samfurin bai dace da allo ba.

Masu takalmi

Times New Roman an zana shi ne don jaridar The Times ta Landan, ya fara fita a 1932. Siriri ne, matsattse, don a cusa magana da yawa a ƙaramin fili. Wanda ke zuwa da Windows na yanzu yana da ɓ, ɗ da ƙ, manya da ƙanana, tsofaffin na zamanin Windows XP ne ba su da su. A lamba 12, a farar takarda mai giram 80, daga firinta mai isasshiyar tawada, ba shi da laifi. Rauninsa siraran wuraren nan ne. Takardar jarrabawa ko ta darasi da za a yi wa fotokwafi, a sake yi wa kwafin fotokwafi, zaren da ya haɗa ƙugiya da sanda shi ke fara tsinkewa, a bar ɗan ɗigo yana lilo a sama. In dokar sashe ta ce kundin digiri sai da Times lamba 12, a bi doka. In kuma babu mai tilasta maka, akwai waɗanda suka fi shi.

Charis, wanda aka fi sani da Charis SIL, shi muka fi amincewa da shi a littafin Hausa. Tushensa samfurin Charter ne da Matthew Carter ya zana a 1987 don firintocin wancan zamani, waɗanda ba su iya fitar da siraran zane. Don haka takalminsa kakkaura ne, bambancin kauri da sirantarsa kaɗan ne, kogonsa a buɗe. Abin da ya sa ya jure tsohuwar firinta shi ne zai sa ya jure takarda mai giram 60 da injin da tawadarsa ta yi yawa. Ƙungiyar SIL, mai aikin nazarin harsuna, ta faɗaɗa shi don harsunan da ke da haruffa na musamman, ƙugiyarsa da kaurinta take, daidai da sanda. Yana da fuskoki huɗu na gaske: miƙaƙƙe, mai gwaɓi, rubutun tsutsa, da tsutsa mai gwaɓi, kuma kowanne da ƙugiyoyinsa. Kyauta ne, lasisinsa ya yarda a yi aikin kuɗi da shi.

Yana da halaye biyu da ya kamata a sani tun wuri. Ya fi Times faɗi, don haka in aka bar shi a lamba 12 shafuka za su ƙaru, kuɗin takarda da na farantin injin bugu su hau. A littafi mai girman A5, wato milimita 148 da 210, lamba 10.5 ko 11 ta wadatar. Na biyu, a sigarsa mai suna Charis SIL, tazarar layinsa ta asali tana da yawa, saboda an bar fili don alamomin da ake jerawa kan wasali. Kada a bar Word ya zaɓa. A shiga saitin sakin layi, a ɗauki Exactly, a sa 13.5 ga lamba 10.5, ko 14 ga lamba 11. Hanya mafi sauƙi ta sanin abin da zai ci ita ce a zuba babi ɗaya a Times, a sake zuba shi a Charis, a ƙirga shafuka kafin a yi ciniki da maɗaba'a.

Gentium, na Victor Gaultney, ya fi su duka taushi a ido, akwai alamar hannun mai alƙalami a zanensa. Ya dace da diwanin waƙa, da littafin da za a buga a takarda mai kyau. Da yake ba shi da nauyi sosai, in takardar mai arha ce a ɗauki ƙaninsa Gentium Book, wanda aka ɗan ƙara wa kauri. Ɗaliban nazarin harshe da ke sa alamar karin sauti da ta tsawon wasali a kan harafi guda, Gentium da Charis ne za su jera musu su daidai, ɗaya bisa ɗaya. Akwai kuma Doulos SIL, mai kama da Times, wanda ake yawan ba wa ɗalibai. Fuska ɗaya kawai gare shi. In ka danna maɓallin gwaɓi, kwamfuta ce za ta shafa masa kauri na jabu, ƙugiya ta toshe. In ka danna na tsutsa, karkatar da shi kawai za ta yi. Ya isa misalan furuci, bai isa littafi ba.

Noto Serif na Google yana da duk haruffan, da matakan kauri masu yawa. Babban jiki ne da shi, ya fi kyau a fuskar waya da kwamfuta, a takarda kuwa cin fili gare shi.

Marasa takalmi

Arial yana ko'ina, wannan ce babbar fa'idarsa, kuma na Windows na yanzu yana da ƙugiyoyi. Amma ƙofofinsa a tsuke suke, babban I da ƙaramin l kuma sanda ɗaya ce. Rubuta Illela ko Iliya ka gani. In aka matse shi, r da n sukan manne su zama m, birni ya koma bimi, ƙarni ya koma ƙami. Ga fom, rasit da kanun takarda ya yi. Littafin yara kuwa kada a kusance shi da shi.

Littafin yara da na yaƙi da jahilci na Andika ne, don wannan aikin SIL ta zana shi. Harafin a ɗinsa mai tumbi ɗaya ne, irin wanda malama take rubutawa a allon aji, haka ma g. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a Hausa, inda da wuya ka karanta kalma biyu ba ka ci karo da a ba. Yaron aji ɗaya da aka koya wa siffa ɗaya a allo, ya buɗe littafi ya tarar da wata, an ɗora masa aikin da bai kamata ba. Babban I yana da takalmi, ƙaramin l yana da 'yar lanƙwasa a ƙasa, 1 kuma daban yake. An zana b da d yadda ba za su zama hoton juna a madubi ba, wanda yake taimakon mai koyon da ke da b, d, ɓ da ɗ a gabansa lokaci guda. A aji ɗaya da biyu a sa lamba 18 zuwa 24, a aji uku zuwa sama 14 zuwa 16, a bar gefen dama a sake, kada a daidaita shi.

Noto Sans shi ne na ƙyallen talla, allon shago da sanarwar da za a tura ta WhatsApp. Yana da matakan kauri daga siriri har baƙi ƙirin, da matsattsun fuskoki na gaske, don haka babu dalilin kama harafi a matse shi da linzami a CorelDRAW, abin da ke sirantar da sanda ya bar ƙugiya a murɗe. A allo a tsaya a matsakaicin gwaɓi, mafi kaurin yakan cinye kogon ƙugiya. Ƙa'idar da masu allo suke bi ita ce kimanin santimita 2.5 na tsayin harafi ga kowace mita 3 ta nisan mai karatu. Ga Hausa a ɗan ƙara, kuma a haɗa manya da ƙananan baƙaƙe, domin ƙugiyar ƙaramin ƙ ta fi ta babba fitowa ga wanda ke wucewa a kan babur ta Kwangila. In farin rubutu ne a kan baƙi ko kore, tawadar gefe takan ci harafin, don haka nan ma marasa takalmi ne, ba Times ba.

Katin biki

Nan ne aka fi yin ɓarna. Monotype Corsiva, Edwardian Script, Old English Text da Algerian, waɗanda masu kati suke so, babu mai ɓ, ɗ ko ƙ a cikinsu. Haka Bookman Old Style da Comic Sans. In harafi babu shi, Word ba ya faɗa maka, sai ya aro shi daga wani samfurin a ɓoye, shi ne baƙon nan da ake gani a tsakiyar kalma, wani lokaci har tazarar layin ta yi tsalle. Wata manhajar kuma akwati za ta sa a gurbin. Mafita biyu ce. Ko a bar rubutun ado ga sunayen ango da amarya in babu ƙugiya a ciki, sauran bayani a sa shi da tsutsar Gentium, ko kuma a ƙera ƙugiyar da hannu. A CorelDRAW a mayar da kalmar zane da Ctrl+Q, a kwafo ƙaramin f na wannan samfurin, a yanke lanƙwasar kansa, a cire saman sandar k ko b ko d, a ɗora a haɗe. Da yake f ɗin ɗan gida ne, kaurinsa da karkatarsa za su dace. Layi ɗaya ko biyu ake yi wa haka, ba shafi ba.

Tsofaffin samfura da Unicode

Kafin a samu ƙugiya a ko'ina, samfura irin su Rabi'at, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, su suka riƙe bugun Hausa, kuma sun yi aiki babba. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce aron maɓallan da Hausa ba ta amfani da su, wasu alamomi irin } da ], wasu kuma q da x da v. A takarda lafiya lau. Amma a cikin fayil ɗin ba ƙ aka ajiye ba, don haka da zarar an buɗe shi a kwamfutar da ba ta da samfurin, ko an kwafa zuwa Facebook, ƙasa ta koma }asa ko qasa, ɗaya ya koma ]aya ko xaya. Sabon aiki a yi shi da Unicode, wato tsarin duniya da ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa. Tsohon fayil kuma a juya shi da nemo-ka-musanya sau shida, manya uku ƙanana uku, a kunna Match case, a lura da sunayen waje masu v na gaske.

Lambobin su ne 0253 ga ɓ, 0257 ga ɗ, 0199 ga ƙ, sai 0181 ga Ɓ, 018A ga Ɗ, 0198 ga Ƙ. A Word ana buga lambar a danna Alt+X. Akwai tarko a nan: Word yana ɗaukar a, b, c, d, e da f a matsayin lambobi, don haka in ka rubuta fa ka bi shi da 0257, zai haɗa su duka ya kasa ba ka faɗa. Sa U+ kafin lambar. Ga aiki mai yawa a kunna allon maɓallan Hausa na Windows, a waya kuma Gboard yana da Hausa. A lura kuma, ɓ da ɗ ƙanana suna wani rukuni na Unicode daban da na ƙ da manyan, shi ya sa samfuri zai iya samun wasu ya rasa wasu. Sai an gwada shidan duka. In aikin na Nijar ne a ƙara ƴ da Ƴ, domin can da su ake rubuta abin da muke rubutawa 'y.

Hamza ma tana da nata. A farkon kalma, kamar 'ya'ya da 'yanci, Word yakan juya ta ta zama alamar buɗe zance mai siffar 6, alhali mai siffar 9 ake so. Riƙe Ctrl ka danna maɓallin hamza, ka saki ka sake danna shi, za ta fito daidai.

In an zo jera shafi, layi ya ɗauki haruffa 55 zuwa 65. Hausa cike take da gajerun kalmomi, da, na, ta, ya, a, don haka in layi ya yi gajere kuma aka daidaita gefe biyu, fararen ramuka sukan jeru su gangaro shafi kamar kwata. A kashe raba kalma na kwamfuta, da dokar Turanci yake yanka. A raba da hannu a kan gaɓa, ma-ka-ran-ta, kuma kada a taɓa raba sh, ts, ky, gw, ƙw ko 'y.

Kada a miƙa wa maɗaba'a fayil ɗin Word a filashi. A fitar da PDF wanda samfuran suke cikinsa, a buɗe bayanan fayil ɗin a duba jerin samfura. In ka ga sunan da ba kai ka sa ba, an yi aro a wani wuri, koma ka nemo shi. Kafin a ƙona faranti kuma, a buga wannan layin da fuskoki huɗun duka, a girman da za a yi aikin, a kan irin takardar da za a yi amfani da ita: Ƙaƙƙarfan Ɗanladi ya ɓaɓɓake ƙyauren ɗakin 'ya'yan Ɓaidu a birnin Illela, kuɗinsa ₦1,100. A yi masa fotokwafi, a yi wa kwafin wani kwafin, a miƙa hannu da na ukun a duba ɗi na kuɗinsa, da ɓɓ, da babban Ƙ.